Waɗanne kifaye ne za su zauna lafiya tare a akwatin ruwan gishiri mai lita 72?

Ɗan Kaduna:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kiwon kifin ado na ruwan teku. Na haɗa akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗin 30 da tsayin 40, wato kimanin lita 72. Na shimfiɗa yashi, na jera duwatsu masu ramuka, na kwaɓa gishirin teku na kanti da tataccen ruwa, kuma gwajin ammoniya da na naitirait, wato gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa, duka sun sauka zuwa sifili. Nau'o'in kifin da nake son zubawa su ne kilawun (mai ruwan lemo da fararen zobba) guda biyu, da shuɗin tang ɗaya, da damsal uku, da mandarin ɗaya, sai kuma garama ɗaya. Wanda zai kawo mini su ya ce tunda duka ƙanana ne za su shiga ba matsala. Na taɓa kiwon tarwada a tankin siminti, don haka kifi takwas a ruwa mai yawan haka bai yi mini kama da cunkoso ba, amma na ga ya fi kyau in tambaya kafin in biya kuɗi.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka. Abu na farko, kada ka auna wannan kiwo da na tarwada. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take jure cunkoso da gurɓataccen ruwa. Kifin murjani ba shi da wannan baiwa, ya dogara ne kacokan ga iskar da ta narke a cikin ruwa, ga shi kuma ruwan gishiri yana riƙe iskar oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sannan lita 72 ɗin nan lissafin gilashi ne, idan ka cire wurin da yashi da duwatsu suka cinye, da ɗan sararin da ka bari a sama, da wuya ruwan ya wuce lita 60.

Abu na biyu, girman da ake dubawa shi ne wanda kifin zai kai idan ya manyanta, ba wanda yake da shi a ledar mai sayarwa ba. Shuɗin tang, wanda masana ke kira Paracanthurus hepatus, yana kaiwa santimita 30, rabin tsawon akwatinka ke nan, kuma kifi ne da ya saba yini yana iyo ba hutawa. Wurinsa akwati ne mai ɗaruruwan litoci da tsawon da ya doshi mita biyu. A ƙaramin wuri yana takura, kuma tang ɗin da ya takura shi ne yakan fara kamuwa da cutar fararen ɗigo, daga nan ta bi sauran. Ka cire shi daga jerin gaba ɗaya, kada ma ka karɓi shawarar nan ta cewa a riƙe shi kafin ya girma.

Hajiya Mai Kifi:
Ɗana, ka cire mandarin shi ma. Ba faɗa yake yi ba, babu wanda ya kai shi haƙuri, matsalarsa abinci ce. Yini yake yana tsintar wasu ƙananan halittu da ake kira kofifod a jikin duwatsu, kuma yawancin waɗanda aka kamo daga teku ba sa kallon abincin gwangwani. Sabon akwati ƙarami ba ya haifar da waɗannan halittu da yawan da zai ishe shi. Zai cinye abin da ke akwai cikin ɗan lokaci, sannan ya yi ta ramewa a gaban idonka, cikinsa yana lotsawa, har ya mutu. Ban san abin da ya fi wannan ɓata rai a wannan kiwo ba.

Ɗan Kaduna:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Tang da mandarin sun fita. To damsal fa? An gaya mini su ne suka fi kowa juriya da araha, har ma da su ake fara sabon akwati.

Malamin Kimiyya:
Juriyar gaskiya ce, kuma ita ce ta sa a da ake jefa su cikin sabon ruwa don kashinsu ya ciyar da bakteriyar da ke cinye ammoniya. Wannan wahalar da dabba ce ba tare da dalili ba, domin ɗigon ammoniya na kwalba ko ɗan abincin kifi da aka bari ya ruɓe yana yin aikin, kuma kai ka riga ka wuce wannan mataki.

Abin da mai sayarwa bai faɗa maka ba shi ne halinsu. A teku yawancin damsal suna kame wani ɗan yanki na murjani su tsare shi, su kori duk wanda ya matso, ko da ya ninka su girma. A akwati mai santimita 60, yankin nan shi ne akwatin duka. Wanda aka kora a teku sai ya yi gaba abinsa, wanda aka kora a gilashi kuwa ba shi da inda zai je, sai ya maƙale a kusurwar sama kusa da famfo, ya daina fitowa cin abinci. Idan uku ne, mai ƙarfin cikinsu zai fara da 'yan'uwansa biyu. Mafi muni shi ne baƙin nan mai fararen ɗigo uku, Dascyllus trimaculatus, wanda yake da ban sha'awa yana ƙarami, amma yakan wuce santimita 10, launinsa ya dushe, faɗansa ya ƙaru. Kada kuma a manta cewa kilawun ɗin da kake so shi ma daga dangin damsal yake, saboda haka idan ka sa kilawun biyu ka riga ka cike gurbin wannan dangi.

Baba na Jidda:
Malam, ina ganin an ɗan yi wa damsal kuɗin goro. Akwai shuɗi mai rawayar wutsiya, Chrysiptera parasema, wanda bai kai sauran zafi ba, kuma na ga inda ya zauna da wasu kifaye shekara da shekaru.

Malamin Kimiyya:
Haka ne, Baba, shi ne mafi sauƙin kai a cikinsu, kuma a akwati mai lita 200 ba zan hana ba, idan shi aka saka a ƙarshe. A lita 60 tare da kilawun biyu kuwa, caca ce, kuma idan ta ƙi ci, kamo damsal daga cikin duwatsu yana nufin a rushe duwatsun duka.

Baba na Jidda:
Na yarda da wannan. To bari in yi magana a kan kilawun, domin a nan ne nake ganin mutane suna kuskure, suna ɗauka duk kilawun ɗaya ne. Akwai nau'i kusan talatin. Wanda ya dace da kai, ɗana, shi ne Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da fararen zobba uku, wanda galibi ba ya wuce santimita 8 zuwa 10. Namu na Bahar Maliya mai zobba biyu, Amphiprion bicinctus, ya fi shi girma da zafin rai. Jan kilawun nan mai duhu da ke da ƙaya a kumatu ya fi su duka, macensa tana kaiwa santimita 17, kuma har hannun mai akwati take cizo. Kada ka haɗa nau'i biyu, kada kuma ka wuce guda biyu.

Yadda za ka zaɓi biyun ma yana da ƙa'ida. Kilawun ba a haifarsa mace. A cikin rukuni, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ne yake rikiɗewa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, kuma wanda ya zama mace ba ya komawa namiji. Saboda haka idan ka sayi manya biyu waɗanda kowannensu ya daɗe shi kaɗai, mai yiwuwa mata biyu ka saya, kuma za su yi ta faɗa har ɗaya ta halaka, kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Ka sayi ƙanana biyu a lokaci guda, ko ɗaya babba ɗaya ƙarami ƙwarai. Za ka ga babban yana bin ƙaramin, ƙaramin kuma yana karkata jiki yana karkarwa. Wannan karkarwar miƙa wuya ce, ba ciwo ba, kuma da zarar ta bayyana rigimar takan lafa.

Ɗan Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shin dole ne in sa musu anemoni, wannan halitta mai yatsu da suke kwanciya a ciki?

Hajiya Mai Kifi:
Ba dole ba ne ko kaɗan. A teku suna fakewa a cikinta ne saboda manyan kifaye masu cinsu, a akwatinka kuwa babu mai farautarsu. Anemoni tana buƙatar fitila mai ƙarfi da ruwan da ya daɗe da daidaita, tana kuma tashi daga inda aka ajiye ta ta yi yawo, wani lokaci ta faɗa bakin famfo ya niƙe ta. Idan ta mutu a ruwa kaɗan irin naka, tana iya tafiya da kifayen duka a dare ɗaya. Ka nemi kilawun da aka ƙyanƙyashe a gona, domin tun shekarun 1970 ake hayayyafa su a hannu. Sun saba da abincin kanti, kuma ba su cika zuwa da cutar nan ta Brooklynella da ke addabar waɗanda aka kamo daga teku ba.

Malamin Kimiyya:
Yanzu da kilawun biyu suka tabbata, ga yadda nake duba sauran. Kifaye biyu sukan yi rikici ne idan suna neman abu ɗaya: rami ɗaya, abinci ɗaya, ko sashe ɗaya na ruwa. Suna kuma gane abokin gasa ta siffa da launi, shi ya sa biyu masu kama da juna suka fi saurin faɗa a kan biyu da ba su haɗa komai ba. Don haka a raba akwatin gida uku. Kilawun suna tsakiya da sama. Ramukan duwatsu a ba wa kifi ɗaya tak. Yashi kuma a ba wa wani guda.

A ramuka, garamar da ka ambata ta dace. Gramma loreto daga tekun Karibiyan take, tana kaiwa santimita 8, gabanta shunayya bayanta rawaya. Idan wani ya matso raminta takan wage baki ta tsorata shi, amma da wuya ta wuce nan. Sai dai ka kula, akwai wani kifin ramuka da ake kira dotibak, mai launi iri ɗaya sak, da ake sayarwa da sunanta, Pictichromis paccagnellae, wanda mafaɗaci ne na gaske. Garama ta ainihi tana da baƙin ɗigo a gaban fiffiken bayanta da ɗan layi da ya ratsa idonta, kuma launukanta biyu suna cuɗanya a tsakiyar jiki. Na dotibak ɗin a yanke suke kamar an ja layi, fikafikansa kuma garau suke ba launi. Ka nemi a turo maka hoton kifin da za a ba ka, ba hoton intanet ba.

A yashi kuma ina ba da shawarar gobi rawaya mai gadi, Cryptocentrus cinctus. Idan ka samu ɗan jatan landen da suke zama tare, na dangin Alpheus, za ka ga abin da ya fi kowane launi daɗin kallo: jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana fitar da yashi, gobin yana tsaye a ƙofa, jatan landen yana taɓe da shi da gashin kansa, da gobin ya kaɗa wutsiya sai su faɗa ciki tare. Ka tabbata duwatsunka a kan gilashin ƙasa suke zaune, ba a kan yashi ba, don kada haƙar ta rufto da su. Kifi huɗu ke nan, kuma a nan zan tsaya.

Baba na Jidda:
Ni da zan zaɓa, a gurbin garama zan sa Pseudochromis fridmani. Babu inda ake samunsa a duniya sai Bahar Maliya, shunayya ne tun daga kai har wutsiya da baƙin layi a ido, bai cika wuce santimita 6 ba, kuma an daɗe ana ƙyanƙyasarsa a gona. Garama kuwa yawancinta daga teku ake kamowa, ta yi doguwar tafiya kafin ta iso Kaduna.

Malamin Kimiyya:
Hujjar ƙyanƙyasa mai ƙarfi ce, Baba, ban musa ba. Abin da ya sa ban ambace shi ba shi ne, duk sauƙin kansa dotibak ne, yana shiga kowane rami yana leƙawa, kuma gobi da jatan landensa a rami suke. Haka nan shi ma yana da mai kama da shi, Pictichromis porphyrea, wanda ba shi da layin ido kuma ba ya barin kowa ya sake.

Baba na Jidda:
Leƙe ba faɗa ba ne, Malam. Idan gobi ya riga shi kafa gida, ba na jin zai tashe shi. Amma na yarda cewa ɗaya daga cikinsu za a ɗauka, garama ko fridmani. Haɗa su biyun a wannan akwati neman rigima ne, tunda launinsu ya yi kama, wurin zamansu kuma ɗaya ne.

Injiniya:
Ina bin wannan tattaunawa tun farko, kuma ina da ja a kan adadin huɗu, ba don halin kifayen ba, sai don inda akwatin yake. Waɗannan kifaye suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A Kaduna, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya yana haura 30 cikin sauƙi, kuma ruwa kaɗan yana bin zafin ɗaki da sauri. Idan ruwa ya yi ɗumi iskar da yake riƙewa tana raguwa, a daidai lokacin da jikin kifi yake ƙara buƙatarta. Ka ƙara da ɗaukewar wuta: famfo ya tsaya, saman ruwa ya kwanta, bakteriyar da ke cikin duwatsu tana shan nata kason iskar. Littattafan da suka ce huɗu an rubuta su ne a ƙasashen da famfo ba ya tsayawa. A wurinmu ni uku nake gani, kuma ko ukun ma sai da inbata ko ƙaramin famfon iska mai batir da ke tashi da kansa idan wuta ta tafi.

Malamin Kimiyya:
Injiniya, gobin nan kwance yake yini a kan yashi, nauyinsa a kan ruwa bai kai na kilawun ɗaya ba. Idan akwai inbata mai riƙe famfo har safe, ban ga abin da zai hana huɗu ba.

Injiniya:
Inbata ma tana mutuwa, Malam, musamman idan aka kwana biyu babu wuta. Sannan maganin zafi mafi araha shi ne fanka mai hura saman ruwa, wadda takan rage digiri biyu ko uku a busasshiyar iska irin tamu, amma tana ƙara ƙafewar ruwa. Ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan. Lita 3 idan suka ƙafe daga 60, gishirin ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari, daga giram 35 a lita ya doshi 37. Dole kullum a cike gurbin da tataccen ruwan daɗi, ba ruwan gishiri ba. Kifi da ke fama da zafi da hawa da saukar gishiri ya fi saurin fushi da saurin ciwo, don haka batun jituwa da batun wuta ba a raba su.

Hajiya Mai Kifi:
Ku biyun kuna iya haɗuwa a kan tsarin shigarwa, domin ko da huɗu aka yarda, ba rana ɗaya za a zuba su ba. Mai tsoro shi ke fara shiga, ya san ramuka ya saba da abinci, mai ƙarfin hali ya zo daga baya ya tarar da shi. Gobi da jatan landensa su fara, bayan mako uku ko huɗu kilawun biyu su biyo tare. Wannan tazara tana kuma ba bakteriya damar ƙaruwa daidai da kashin da ya ƙaru. Na ramuka shi ne na ƙarshe, kuma ana iya jinkirta shi har bazara ta wuce, a ga yadda akwatin ya jure zafi da kifi uku.

Kafin kowane ya shiga, a killace shi wata guda a wani ƙaramin akwati ko robar da ba ta da yashi, da famfon iska da guntayen bututun roba don ɓuya. Cutar fararen ɗigo ta ruwan gishiri, Cryptocaryon, tana sauka daga jikin kifi ta kwanta a yashi da duwatsu ta hayayyafa. Maganinta na jan ƙarfe yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, duwatsu kuma suna tsotse shi, don haka ba a zuba shi a babban akwati. Idan ta shiga, sai an kwashe kifaye duka an bar akwatin babu kifi fiye da wata biyu. Sabon kifi ɗaya da ba a killace ba ya isa ya jawo wannan.

Ɗan Kaduna:
Hajiya, na ga wani siriri fari mai jan baya da dogon fiffike a tsaye, da kuma wani mai zane baƙi da fari da ake kira kadinal na Banggai. Ko ɗaya daga cikinsu zai iya maye gurbin na ramuka?

Hajiya Mai Kifi:
Na farkon Nemateleotris magnifica ne. Ba ya taɓa kowa, amma matsoraci ne ƙwarai, kuma idan kilawun mace ta balaga ta fara tsare wurinta, zai iya ɓuya har yunwa ta kama shi. Idan shi kake so, guda ɗaya za ka saya, ya riga kilawun shiga, kuma ka manta da garama da fridmani. Yana tsalle idan ya firgita, gobi da garama ma suna yi, saboda haka murfi wajibi ne. Ka yi shi da raga mai ƙananan ido a maimakon gilashi, don iska ta shiga zafi ya fita.

Kadinal ɗin kuwa, Pterapogon kauderni, asalinsa tsibiran Banggai ne a Indonesiya, kuma tun 2007 aka sa shi a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda yawan kamun da ake yi masa don wannan kasuwa tamu. Namijin ne yake riƙe ƙwai a bakinsa makonni ba ya cin abinci, 'ya'yan kuma kaɗan ne, shi ya sa ba ya saurin farfaɗowa. Idan ba a tabbatar maka na gona ne ba, ka bar shi. Ana nuna su a shago garke guda, amma idan suka balaga biyu sukan ware su addabi sauran, don haka shi ma ɗaya ne a akwati irin naka.

Ɗan Kaduna:
Na fahimta, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da gobi da jatan landensa, sannan ocellaris biyu ƙanana na gona, in tanadi raga da famfon batir da robar killacewa kafin su iso. Na huɗun zan bar shi sai damina ta sauka, kuma a lokacin zan dawo da ma'aunin zafin da na rubuta a watannin bazara don Malam da Injiniya su duba.

Injiniya:
Ka riƙa aunawa sau biyu a rana, da la'asar lokacin da ruwan ya fi zafi, da kuma asuba lokacin da iskar cikinsa ta fi ƙaranci. Idan ka ga kilawun sun taso saman ruwa suna saurin numfashi da asuba, ka ƙara motsin ruwa nan take, kuma ka rubuta ranar da awannin da wuta ta yi ba ta nan.